Yadda Ake Shirya Bindiga Mai Sakata Don Harbin Saiti

Bindiga mai sakata ita ce wadda maharbi ke ɗaga sakatar da hannunsa, ya ja ta baya ta tofar da kwanso, ya tura ta gaba ta ɗauki sabon harsashi, sannan ya kulle. Tsarin ya daɗe. Wanda Paul Mauser ya fitar a Jamus a 1898 har yau ana kwaikwayonsa, ita kuwa Remington 700 da ta fito a Amurka a 1962 ta zama abin awo, kamfanoni da yawa suna ƙera ƙota da kunama daidai da jikinta. 'Yan gasa sun riƙe irin wannan bindiga ne don babu ƙarfen da ke kai-komo a jikinta yayin da harsashi ke bin bututu. Duk gyaran da za a yi mata manufarsa ɗaya ce: harbi na biyu ya bi sawun na farko.

Na farko, takardu da fili

Dokar mallakar bindiga ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka a fara da lasisi, da shiga ƙungiyar harbi mai rajista wadda ke da fili da mai kula da shi. A gida, bindiga tana cikin akwatin ƙarfe a kulle, harsasai a wani wuri daban. A fili kuwa ƙa'idoji huɗu ne ba a sassauta su: ka ɗauka kowace bindiga da harsashi a cikinta, kada bakinta ya kalli abin da ba ka nufin harbi, yatsa ba ya taɓa kunama sai ka gama saiti, kuma ka san abin da ke bayan allonka. Ƙarar harbi tana haura desibel 140, wadda ke iya lalata ji a take. Toshe kunne, ka ɗora abin rufe kunne a kai, ka sa tabarau.

Na biyu, zaɓi harsashi kafin bindiga

Sabon shiga yakan fara da kallon kyan bindiga, alhali harsashin ne zai yanke masa yawan atisayen da zai iya yi. A ganina, wanda bai taɓa harbin saiti ba ya fara da .22 LR, a bindiga irin CZ 457 ko Tikka T1x. Ba ta da shuri, harsashinta ya fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba, kuma iska tana wasa da shi sosai, abin da zai koya maka karatun iska tun daga mita 50 zuwa 100.

In nisa ake so, mita 600 zuwa 1,000, zaɓi biyu ne suka fi yawa. Akwai .308 Winchester ta 1952, mai dogon rai: bututunta yakan kai harbi 5,000 ko fiye kafin saitinsa ya fara lalacewa. Akwai 6.5 Creedmoor da kamfanin Hornady ya fitar a 2007, shurinta bai kai na waccan ba, ta kuma fi yanka iska, amma tana cin bututu da wuri, galibi tsakanin harbi 2,000 zuwa 3,000. Duba murɗin zaren cikin bututu ma. In ka ga an rubuta 1:8, ana nufin harsashi yana juyi ɗaya a kowane inci 8, kuma shi ne aka saba gani a 6.5 Creedmoor, don dogon harsashi yana buƙatar juyi mai sauri kafin ya tafi miƙe a iska ba tangaɗi.

Na uku, daidaita ta da jikinka

Cire sakata, ka tabbatar ba komai a ciki. Ɗauki siririyar takarda ka zura ta tsakanin bututu da ƙota, ka ja ta daga baki zuwa gindi. In ta wuce sumul, bututun yana tsaye shi kaɗai, haka ake so. In ta maƙale, ƙota tana taɓa shi, kuma duk sanda ka danna bindigar ko bututun ya yi zafi, wurin faɗuwar harsashi zai canja. Wannan aikin maƙerin bindiga ne mai lasisi, ko kuma a sauya ƙotar da ta alminiyom.

Notinan da ke haɗa jikin bindiga da ƙota a ɗaure su da sifana mai awon ƙarfin ɗauri, gwargwadon adadin da kamfanin ya rubuta. Ɗaurin kan-ta-waye da hannu yana cikin abubuwan da ke watsa harbi ba tare da mutum ya gane dalili ba.

Sai madafar kunci. Kwanta bayan bindigar, rufe ido, ɗora kuncinka yadda ya fi maka daɗi, sannan ka buɗe. In sai ka ɗaga kai ko ka danne wuya kafin ka ga cikin madubin hange, ɗaga madafar ko ka sauke ta. Wannan ɗan gyara ya fi fenti da duk wani ado amfani. Kunama kuwa, kada kwaɗayin laushi ya ja ka. Nauyin ja na kusan kilo 1 ya ishi mai koyo; wadda aka sassauta fiye da kima tana iya tashi da kanta in an rufe sakata da ƙarfi.

Na huɗu, ɗora madubin hange

Kada ka tsuke hannu a nan, madubi mai arha da maɓallansa ba sa komawa inda aka baro su zai sa ka zargi bindiga a banza. Ɗora shi a zobba ba tare da ka ɗaure ba, kai girman hoto ƙarshe, ka riƙa matsar da shi gaba da baya har ka ga hoton ya cika ba baƙin da'ira a gefe. Yawanci tazarar ido da madubi takan kama santimita 8 zuwa 10. In ta gaza haka, shurin bindiga zai sa bakin madubin ya tsaga maka gira.

Rataya igiya mai nauyi a ƙasanta a nesa kaɗan, ka daidaita bindigar da ma'aunin lebur, ka juya madubin har layinsa na tsaye ya hau kan igiyar. Karkata kaɗan ba ta nuna kanta a mita 100, amma a mita 800 za ta kai harsashi gefe. Ɗaure notinan zobba bi da bi, kaɗan-kaɗan, galibi ƙarfin bai wuce inci-fam 15 zuwa 18 ba a awon sifanar. Wuce haka yana matse jikin madubin.

Na biyar, kama saiti

Kafa bindigar a kan ƙafafunta, jakar yashi ƙarƙashin gindin ƙota. Cire sakata, leƙa ta cikin bututu har ka ga tsakiyar allo a mita 25 ko 50, sannan, ba tare da bindigar ta motsa ba, murɗa maɓallan madubi har giciyen layukan da ke cikinsa ya zo wuri ɗaya. Wannan zai sa harbin farko ya faɗa kan takarda. Daga nan koma mita 100, ko 50 in .22 ce.

Harba biyar kana saita wuri ɗaya, kada ka taɓa maɓalli a tsakani. Bin kowane rami da gyara shi ne kuskuren da ya fi cinye harsashi. Nemo tsakiyar gungun ramukan, ka auna tazararsa da inda ka saita. Maɓallan madubi da ɗaya daga ma'aunan kusurwa biyu suke aiki, MRAD ko MOA. Idan madubinka na MRAD ne, kowane ƙas ɗaya na maɓalli santimita 1 ne a mita 100. Gungu ya faɗi santimita 6 ƙasa da 3 dama? Ƙas shida sama, uku hagu. Idan na MOA ne mai rubu'in MOA a kowane ƙas, kowane ƙas kusan milimita 7 ne, wato takwas sama, huɗu hagu. A mita 50 kowane ƙas rabin aikinsa yake yi, sai ka ninka lissafin. Sake harba biyar don tabbatarwa, sannan ka mayar da lambar maɓallan kan sifiri.

Kafin kowane zagaye, ɗan kaɗa kanka kana kallon madubi. In giciyen yana yawo a kan allo, murɗa maɓallin gefe har ya tsaya.

Na shida, kai kanka

Kwanta miƙe bayan bindigar, ba a karkace ba, don shurin ya dawo kai tsaye. Saita, rufe ido, yi numfashi biyu, buɗe. In giciyen ya bar wurin, jikinka za ka gyara, ba hannu za ka sa ka tanƙwaro bindigar ba. Harbi yana fita ne a ɗan tsaikon da ke bayan fitar numfashi. Matsa kunama a hankali zuwa baya, ka riƙe ta nan, idonka a buɗe har ka ga inda harsashi ya sauka.

Gungun harbi uku yana yaudara, kowa yakan dace sau ɗaya. Biyar shi ne mafi ƙaranci, goma ya fi faɗin gaskiya. Bindigar da ke tara biyar cikin santimita 3 a mita 100, wato kusan MOA 1, a kai a kai, ta isa shiga gasa. Gwada harsasai iri uku ko huɗu, wanda bututunka ya fi so ka sayi mai lambar ƙira ɗaya da yawa. Bar bututu ya huce in ya yi zafin da ba ka iya riƙe shi. Iska mai gudun kilomita 16 a awa tana iya ture .22 fiye da santimita 10 a mita 100, don haka kalli tutocin fili kafin ka zargi kanka.

Riƙe littafi: rana, harsashi, nisa, iska, girman gungu. Kuma abu ɗaya ake canjawa a lokaci guda. Wanda ya sauya kunama da harsashi da zobba rana ɗaya ba zai san wanne ya gyara ko ya ɓata ba.

Na bakwai, wanki

Ana goge bututu daga baya, ta wajen sakata, da sanda mai rufi da abin da ke riƙe ta a tsakiya, don kada a ƙuje bakin bututu, inda harsashi ke rabuwa da shi. Bayan wanki, harbi biyu ko uku na farko sukan kauce kaɗan, kada ka gyara saiti a kansu. Shafa ɗan man giris a haƙoran sakata, sannan ka wanke hannu da sabulu kafin ka ci wani abu, saboda dalma.