Kafin ku ɗora tsoho kan faifan girgiza

Ƴan uwa, masu tambaya kan faifan nan na lantarki da ake hawa yana kaɗa jiki, wanda ake gani a wuraren motsa jiki a Yamai, ga abin lura. Kaɗawar tana sa naman ƙafa da cinya su riƙa ɗaurewa suna saki da sauri, abin da kan taimaka wa dattijo ya tsaya da ƙarfinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce faɗuwa na kashe kusan mutum 684,000 a shekara, kuma waɗanda suka haura 60 ta fi ɗauka.

In Baba zai hau, ya ɗan lanƙwasa gwiwa, kada ya miƙe ƙyam, don kaɗawar za ta haye har kai. Ya riƙe ƙarfe ko kafaɗar wani, a fara da mafi ƙanƙantar kaɗawa, daƙiƙa 30, wato rabin minti, ya huta. Mai batir a zuciya, mai gudan jini a jijiyar ƙafa, ko wanda aka yi wa aikin ƙugu kwanan nan, sai da izinin likita.

Ni dai ban ga dalilin cin bashi don sayensa ba. Maimakon haka, Hajiya ta tashi daga kujera sau 10 ba dafawa, ta tsaya da ƙafa ɗaya tana dafe da bango, kullum bayan la'asar. A kuma ɗauke tabarmar da bakinta ya naɗe daga hanyar makewayi, a sa fitila.