Yadda Za Ka Gano Asalin Turawan Ingila Daga Taswirarsu

In kana son sanin asalin Turawan Ingila, kada ka fara da haddar sunayen sarakuna. Buɗe taswirar ƙasar ka bi sunayen garuruwa. Ni dai ban ga hanyar da ta fi wannan ba, domin duk al'ummar da ta zauna a wurin ta bar sawunta.

Fara da koguna. Sunan Avon ya girmi harshen Ingilishi, mazauna tsibirin na dā masu harshen Keltik ne suka raɗa shi. Sai ka nemi garuruwan da suka ƙare da "chester" ko "caster", irin su Manchester da Lancaster. Galibinsu tsofaffin sansanoni ne ko garuruwan Rumawa, waɗanda suka riƙe ƙasar daga shekarar 43 zuwa wajen 410.

A kan "ton", "ham" da "ing" nake so ka daɗe, kamar Birmingham, Reading da Southampton. Waɗannan na Angil da Sakson ne, waɗanda suka tsallako teku daga arewacin Jamus da Denmak tun ƙarni na 5, kuma daga Angil ɗin ƙasar ta samo sunanta. Dubi yadda sunayen suka mamaye kudu da tsakiyar ƙasar. Amma fa kada ka ɗauka sun shafe mutanen da suka tarar. Binciken ƙasusuwan tsofaffin kaburbura da aka wallafa a 2022 ya nuna baƙin sun zo da yawa, maza da mata, kuma an yi auratayya.

Yanzu ja layi daga Landan zuwa Chester. Arewa maso gabas da layin za ka ga "by" da "thorpe" birjik: Grimsby, Whitby, Derby, Scunthorpe. Nan 'yan Baikin, wato mayaƙan teku daga Denmak, suka zauna. Sarki Alfred na Sakson ya taka musu burki a 878, jikansa Athelstan kuma ya haɗa Ingila ƙarƙashin sarki ɗaya a 927. Wannan yankin ya fi burge ni, don taswirar yau tana nuna iyakar da ta haura shekara 1,000.

Normawa, mutanen arewacin Faransa da suka ci ƙasar a 1066, ba su bar sunaye da yawa ba, sai irin su Richmond da Beaulieu. Tsiraru ne masu mulki, garuruwan kuma sun riga sun samu suna.

In ka fara ganin "Llan" da "Aber" a yamma, ka shiga Wales, kuma kada ka kira mutanenta Turawan Ingila, ba sa so.