Kurakuran da aka fi yi idan an tsinci tsofaffin zane-zanen jirgin ruwan shaƙatawa

Yawanci a nannaɗe ake samun su, a ƙasan akwati ko bayan kabad, sun sha ƙura. Kuma ɓarnar farko a wannan minti ake yin ta: mutum ya ware takardar da ƙarfi don ya ga abin da ke ciki, sai ya ji ƙaras, ta tsage. Takardar da ta shekara tamanin a naɗe ta bushe, ba ta son gaggawa. A bar ta yadda take, a leƙa gefenta a hankali, warewar kuma a bar wa masu adana kayan tarihi, waɗanda ke sa mata ɗan laima kafin su miƙar da ita. Salatif kuwa kada ma a kusanto da shi. Gam ɗinsa yana ratsa takarda ya bar tabo ruwan ƙasa. Haka ma rufe ta da leda mai zafi.

Na biyu, ɗaukar kwafi a matsayin na asali. Takardar nan shuɗiya mai fararen layuka tana da ɗaukar ido, amma bugu ce. John Herschel, masanin kimiyya ɗan Ingila, shi ne ya ƙirƙiro hanyar yin ta a 1842, daga baya ofisoshin zane suka riƙa fitar da irinta da yawa suna aika wa maƙera. Na asalin shi ne wanda aka zana da tawada ko fensir, sau da yawa a kan wani siririn yadi mai sitaci, wanda ɗigon ruwa kaɗai ke lalata shi. Sai dai a nan ma akwai masu wuce gona da iri, su ce kwafi shara ne. A'a. Idan na asali ya salwanta, ko kuma kafinta ya yi gyara da fensir a kan kwafin, to wannan kwafin ya fi faɗin yadda aka ƙera jirgin a zahiri. Shuɗiyar takarda dai a nisanta ta da hasken rana, kuma kada a sa ta cikin fayil mai sinadarin alkali, yana kashe mata launi.

Kuskuren da ya fi ba ni haushi shi ne zaɓe. Mutum ya ɗauki zanen filafilai saboda kyansa, ya sa a firam, ya watsar da wata takarda da ke cike da lambobi. Alhali lambobin nan su ne jadawalin awon jikin jirgin, da su ake sake ƙera shi daga tushe. Nathanael Herreshoff, wani mai zana jiragen ruwa na Bristol a jihar Rhode Island ta Amurka, ƙaramin samfurin rabin jirgi ya kan sassaƙa da itace, sannan ya ɗauki awo daga jikinsa. Ka ga a wurinsa littafin lambobi ba abin wasa ba ne. Wasiƙu, rasit, lissafin katako, har ambulan da aka aiko da su, duk a bar su tare, a jerin da aka same su. A kuma rubuta inda aka samo su da hannun da suka bi, tun mai ba da labarin yana nan.

Sannan dogaro da sunan jirgi. Sau da yawa jiragen nan suna sauya suna idan suka sauya mai su. A duba kusurwar takarda, can ake samun lambar zane, kwanan wata da ma'auni. A gwada su da kundin rajistar jiragen shaƙatawa na Lloyd's, wanda aka fara bugawa a 1878, yana kawo mai zane, maƙeri da shekarar ƙira.

Wasu kuma da sun ga babban suna sai su ɗauka sun tsinci dami a kala. A fara tambaya tukuna. Gidan tarihi na jami'ar MIT da ke Amurka na riƙe da dubban zane-zanen kamfanin Herreshoff, gidan tarihin jiragen ruwa na Mystic Seaport ma na da tarin zanen jirage mai yawa. Idan naka bugun abin da ke can ne, darajarsa kaɗan ce. Zanen wani ƙaramin maƙeri da takardunsa suka watse kan fi shi amfani ga masu bincike.

Mallakar takarda kuma ba mallakar zanen ba ce. Kamfanin zanen jiragen ruwa na G.L. Watson da aka kafa a Glasgow a 1873 har yanzu yana kula da taskarsa. Kafin ka buga kwafi ka sayar, ko ka ƙera jirgi da shi, nemi mai haƙƙin ka ji ta bakinsa.