Shawara ga iyayen da yaransu ke karatu daga gida

'Yan'uwana iyaye da yaranku ke makarantun Katolika, idan an koma karatu ta intanet, ku riƙe jadawalin da yaro ya saba da shi, musamman addu'ar safe da ake buɗe darasi da ita, domin ita ce ke nuna masa cewa lokacin wasa ya wuce. Idan waya ɗaya ce tak a gidan, ku sanar da malami tun da wuri, ku roƙe shi ya turo aikin a rubuce ko ta saƙon murya, yadda yaran za su riƙa karɓa-karɓa. Wanda kuɗin makaranta ya yi wa nauyi kuwa, kada kunya ta hana shi tuntuɓar shugaban makarantar ko limamin cocinsu don neman sassauci.