Darasi na 7: Hana Word Canza Mana Rubutu Kafin Mu Ɗora Shi a Intanet

Yawancin ɗalibanmu na ajin dare a Agege 'yan kasuwa ne masu son sanya farashin albasa da tumatir na kasuwar Mile 12 a shafinsu na intanet. Mutum zai rubuta 'yan ko 'ya'ya, sai Word, wato manhajar rubutu ta kwamfuta, ta lanƙwasa alamar da ke gaban kalmar, ta mayar da ita alamar buɗe zance, kuma idan aka kwafa rubutun zuwa wasu shafuka, alamar takan rikiɗe ta zama haruffa marasa ma'ana. Laifin ba naku ba ne, domin da Turanci aka saita manhajar.

Ku buɗe Word, ku duba kusurwar sama ta hagu, wato hannun da ba a cin abinci da shi, ku danna File. Daga nan ku danna Options a can ƙasa, sai Proofing, sai AutoCorrect Options. Ƙaramin akwati zai fito mai sunaye a jere a samansa.

A nan ne kusan kowa yake tuntuɓe, saboda haka ku natsu. Akwai sunaye biyu masu kama da juna, AutoFormat da kuma AutoFormat As You Type, kuma mai dogon sunan ne yake canza rubutu a lokacin da kuke bugawa. Mai dogon sunan za ku danna. Ku ɗora yatsa a kan allon, ku ƙirga kalmomin: idan ɗaya ce, ba shi ba ne, idan huɗu ne, kun dace. Wanda ya kuskure sau biyu kada ya ji kunya, sannu ba ta hana zuwa. A ciki ku cire alamar da ke gaban layin da ya ƙare da smart quotes, da layin hyperlinks, da layukan Automatic bulleted lists da Automatic numbered lists, sannan ku danna OK.

Na maimaita wannan mako uku a jere, amma har jiya wani Alhaji ya yi gyaransa a mai gajeren suna, ya dawo yana cewa kwamfutar ce ta lalace. Haba, Alhaji! Wanda yake ƙirga buhun albasa ɗari ba ya ɓata, bai kamata kalma huɗu ta gagare shi ba. Mai dogon sunan, jama'a.

Darasi na 8: Idan Word ta canza wani abu nan take, ku riƙe Ctrl ku danna Z sau ɗaya, zai koma yadda kuka buga shi.

Darasi na 9: Ku liƙa rubutun a Notepad, wato ƙaramar manhajar rubutu da ke cikin kwamfutar, tukuna, domin yana zubar da kauri da launi da girman haruffa, sannan ku kwafe shi daga can zuwa shafin.