Yadda Ake Kafa Kantar Kiwon Kifin Kili a Ɗakin Haya a Jidda

Yawancin masu fara kiwon kifin kili, wato kifayen ado masu launi da Turawa ke kira killifish, a nan Jidda suna kashe kuɗinsu a kan kifin da akwatunan gilashi, sannan su nemi wani lungu su jera su, alhali lungun ne ya kamata a fara zaɓa. Waɗannan ƙananan kifaye ba su buƙatar babban akwati, amma suna buƙatar akwatuna da yawa, domin iyaye daban, ƙwai daban, 'ya'ya kuma daban bisa girmansu. Shi ya sa ake kafa musu kanta mai hawa-hawa.

Ka sayi kantar ƙarfe mai hawa uku, irin wadda ake jera kaya a sito, kada ka yarda da ta roba komai arharta. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, akwati mai tsawon santimita 40 da faɗin 25 da tsayin 25 kuwa yana cin lita 25, saboda haka guda huɗu a hawa ɗaya sun kai kilo 100 tun ba a lissafa gilashin ba. Shimfiɗa katako mai kauri a kowane hawa, ka ɗora masa farin soson nan da ake sako firji a ciki, sannan ka bar tazarar santimita 20 tsakanin bakin akwati da hawan sama domin hannu da raga su shiga. Danshin Jidda yana cin ƙarfe, don haka ka shafa wa ƙafafun fenti tun kafin ruwa ya taɓa su, ka kuma ɗaure kantar da bango.

Zafi ne ke kashe kiwon nan a ƙasar Saudiyya, kuma a kansa na ga mutane da dama sun yi asara. Kifin da nake ba mai koyo shawarar farawa da shi, wato Fundulopanchax gardneri, ɗan ƙoramun Najeriya da Kamaru ne, yana son ruwa tsakanin digiri 22 zuwa 25. Idan ruwan ya haura 28 ya daɗe a haka, macen takan rage saka ƙwai, waɗanda ta saka kuma su yi fari su ruɓe. Abin da ke faruwa a ɗakunanmu shi ne a kwana da mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, a kunne, a kashe shi da safe lokacin fita aiki don rage kuɗin wuta, a dawo bayan la'asar a tarar da ɗakin ya gasu. Ruwan lita 25 ba ya riƙe sanyi, yana bin iskar ɗaki sama da ƙasa, kuma wannan hawa da sauka na kullum ya fi zafin kansa illa. Saboda haka kantar ta tsaya a jikin bangon ciki, nesa da taga da bangon da rana ke duka, kuma ba a saitin iskar mukayyif ba. Ka bar na'urar a kan 25 dare da rana. Wanda ba zai iya ɗaukar wannan kuɗin wutar ba, ya fi masa ya rage yawan akwatuna ya sa ƙaramar fanka tana hura saman ruwa, wadda kan rage digiri ɗaya ko biyu, sai dai ruwan zai riƙa ƙafewa da sauri. Jefa gorar ƙanƙara a akwati kuwa ba dabara ba ce. Ka liƙa ma'aunin zafi a kowane hawa, za ka ga na sama ya fi na ƙasa ɗumi. A saman ake ajiye 'ya'ya masu tasowa da wani nau'in kifin kili mai suna Nothobranchius, gardneri masu saka ƙwai kuma su sauka ƙasa.

Ruwan famfo ma yana da tasa matsalar, domin daga tankin saman bene yake saukowa, wanda da rana tsaka a lokacin zafi hannu ma ba ya jure shi. Kada ka taɓa zuba shi kai tsaye. Ajiye durom a gindin kantar, ka cika shi da dare, ka sa maganin cire kulorin, ka bar iska tana motsa shi kwana ɗaya har zafinsa ya yi daidai da na ɗakin, daga nan kake canza kashi ɗaya cikin huɗu na kowane akwati duk mako. Ruwan Jidda tacaccen ruwan teku ne, gardneri yana zama a cikinsa lafiya, amma ga Nothobranchius ina ƙara cokalin shayi ɗaya na gishiri marar aidin a kowace lita 5, saboda cutar nan mai kama da ƙurar zinariya a jikin kifi.

Famfon iska guda ɗaya mai ƙarfi ya ishi kantar duka. Ɗora shi sama da matakin ruwa don kada ruwa ya koma cikinsa idan wuta ta ɗauke, ka raba iskar da siraran tiyo zuwa matatar soso a kowane akwati, ka bar matatun su yi mako uku zuwa huɗu suna aiki kafin kifi ya shiga. Ba a zuba tsakuwa. Murfi kuwa dole ne, har ƙofar da tiyo ya bi a toshe ta da soso, domin kifin kili gwanin tsalle ne, da safe sai ka same shi a bushe a bayan kanta.

Namiji ɗaya da mata biyu ake sakawa, tare da tuntun zaren ulu na roba mai duhu da aka ɗaura wa toton kwalba, a jikinsa suke saka ƙwai. Kowane kwana biyu ka matse tuntun ka tsince ƙwan da yatsa, ba ya fashewa, ka sa a ƙaramin mazubi; cikin kwana 14 zuwa 21 zai ƙyanƙyashe, abincin farko kuma artemiya ce, wato wasu mitsi-mitsin jatan lande da aka ƙyanƙyashe a ruwan gishiri. Nothobranchius, wanda danginsa ke rayuwa a kududdufan damina daga Sudan har Mozambik, a cikin garin ɓawon kwakwa yake binne ƙwai: a matse garin ya zama da ɗan danshi, a ƙulle a leda wata biyu ko fiye gwargwadon nau'in, sannan a jiƙa domin ƙwan ya ƙyanƙyashe. Rubuta suna da asalin kowane kifi da kwanan wata a jikin akwati da leda, domin matan gardneri na Akure da na Makurdi kusan kamarsu ɗaya, idan suka cakuɗe babu mai iya raba su.