Yadda Malami Zai Koyar da Taƙaddamar Teku Tsakanin Sin da Japan a Makarantar Karkara

Malamin da ke koyarwa a ƙauyukan Auyo ko Kirikasamma yana gaban ɗalibai waɗanda yawancinsu ba su taɓa ganin teku ba, amma sun san kogin Haɗeja, sun kuma san yadda masuntan gari biyu kan yi jayayya a kan wurin kamun kifi. Daga wannan sanin nasu ya dace darasin ya tashi, kafin a ɗauko taswira.

Malam ya fita da yara filin makaranta, ya zana gaɓa biyu a ƙasa suna fuskantar juna, ɗaya ta Sin ɗaya ta Japan, sannan ya ba kowane ɓangare igiya mai tsayi ɗaya. Igiyar tana wakiltar mil 200 na ruwa, kusan kilomita 370, wanda yarjejeniyar dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982 ta ba kowace ƙasa mai gaɓar teku domin ta amfana da kifi da mai da iskar gas da ke cikinsa. Dabarar ita ce a matso da gaɓoɓin kusa, ta yadda idan an miƙe igiyoyin sai ɗaya ta hau kan ɗaya, domin faɗin Tekun Gabashin Sin, wanda ke tsakanin ƙasashen biyu, bai kai mil 400 ba. Da idonsu yara za su ga tushen rigimar: Japan na cewa a raba a tsakiya, Sin kuwa na cewa doron ƙasarta ya zarce ta ƙarƙashin ruwa har kusa da tsibirin Okinawa na Japan. Sai a aje 'yan duwatsu su zama tsibiran da Japan ke kira Senkaku, Sin ke kira Diaoyu, waɗanda kowacce ke cewa nata ne, kuma babu mai zama a kansu, amma sayen uku daga cikinsu da gwamnatin Japan ta yi a 2012 ya jawo zanga-zanga a biranen Sin.

A ganina, kuskuren da aka fi yi shi ne tsayawa a kan faɗan kaɗai. Wajibi ne malam ya ambaci yarjejeniyar kamun kifi ta 1997, da fahimtar da aka cimma a 2008 ta haƙo gas tare, ko da yake wannan ta tsaya a takarda, da kuma hanyar tuntuɓar juna tsakanin sojojinsu da ta fara aiki a 2018 domin kauce wa karon jirage.

Idan lokaci ya rage, a kawo misalin gida: a 2001 Nijeriya da Sao Tome, wata ƙaramar ƙasar tsibirai da ke cikin teku kudu da Nijeriya, suka amince su ci gajiyar man da ke yankin ruwan da kowaccensu ke da'awa, kashi 60 na Nijeriya, 40 na Sao Tome. Sai malam ya mayar da yara bakin igiyoyinsu, ya ce ɓangarorin biyu su tsara nasu rabon, kuma kada kowa ya matsar da gaɓarsa.